Labarin soyayya mai tsoron Allah ya dace da hutu, amma kada ya ɓoye tarihi

Duk ƙarshen shekara, idan gwamnatin tarayya ta ba da hutun 25 da 26 ga Disamba da na 1 ga Janairu, Abuja takan yi tsit, ma'aikata su ajiye fayil su nufi gida. A daidai wannan lokaci ne kuma kasuwar wani nau'in ƙagaggun labarai ke buɗewa a Amurka da Kanada: labaran soyayya da aka gina a kan zamanin da ya shuɗe, waɗanda imani ke ja wa ragama. Wasu masu ilimin boko sukan ɗauke su abin kashe lokaci kawai. Wannan raini bai dace ba.

Wadda ta share fagen ita ce Janette Oke, 'yar Kanada, da littafinta Love Comes Softly, wanda kamfanin Bethany House ya buga a 1979. Labarin wata matashiya ce, Marty, wadda mijinta ya rasu suna kan hanyar ƙaura zuwa yammacin ƙasa. Don ta samu wurin fakewa kafin sanyi ya sauko, sai ta auri Clark, wanda matarsa ta rasu ta bar masa ƙaramar yarinya. Babu so a farkon auren. Haƙuri da kyautatawa da addu'a ne suka haife shi sannu a hankali. Francine Rivers kuwa, a Redeeming Love na 1991, ta ɗauko labarin Hosiya na Tsohon Alkawari ta dasa shi a Kalifoniya lokacin rububin zinariya.

Sirrin farin jininsu a fili yake. A zamanin da wasiƙa ke yin watanni a hanya, jira dole ne, alkawari kuma yana da nauyi. Marubucin da ya mai da masoyansa can ya samu damar nuna so mai tafiya da kunya da cika magana. Ma'aikacin da ya shekara yana bin takardar ƙarin girma daga tebur zuwa tebur, ko hadimin da wayarsa ba ta barci saboda kiran maigida, yakan samu sanyin zuciya a labarin da mahaƙurci ke zama mawadaci a ƙarshensa. Ga shi kuma littafi ne da uwa za ta bari a falo ba tare da fargabar 'yarta ta buɗe shi ba, abin da ake bukata a lokacin da dangi ke taruwa.

Sai dai akwai gyara. Ƙasar da jaruman irin waɗannan labarai ke sharewa su kafa gona da coci tana da masu ita tun farko. Bayan gano zinariya a Kalifoniya a 1848, an karkashe 'yan asalin yankin, an kore su daga ƙasarsu, har Gwamna Gavin Newsom ya nemi gafararsu a 2019, ya kira abin kisan ƙare dangi. Da yawa daga cikin littattafan sukan wuce wannan shiru. Labarin da ke wa'azin tuba da gafara, amma ya kau da kai daga wanda aka zalunta, ya rage wa wa'azinsa ƙarfi.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga soyayyar da addini ya yi wa iyaka. Littattafan Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Balaraba Ramat Yakubu sun daɗe suna tafiya a kan wannan turba, sai dai yawancin labaran a zamanin yau suke faruwa. Tarihi kuwa yana nan jibge: ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, alhazan da suka taka zuwa Makka ta Sudan suka shekara da shekaru a hanya, jajis ɗin Nana Asma'u masu kai ilimi ƙauyuka. Kowanne cike yake da rabuwa da jira da alkawari.

Akwai ma abin koyi a gida. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, ba labarin masoya ba ne, amma ya haɗa tawakkali da ƙaunar uwa ga ɗanta ba tare da ya rufa wa cinikin bayi asiri ba. Marubucin soyayya da zai koma baya, wannan ma'auni ya kamata ya riƙe.

Saboda haka, duk wanda ya ɗauki irin wannan littafi a hutun bana, ya karanta ya more, amma ya tambayi kansa su wa aka bari a wajen labarin. Marubutan Hausa kuma, masu karatu na jiransu.