Ƙananan Hukumomi Da Haƙƙin Baƙo

Duk sa'ad da rikici ya tashi mutane suka bar gidajensu, ƙofar mai unguwa da dagaci suke fara ƙwanƙwasawa, daga nan sai ƙaramar hukuma. Kafin labari ya kai babban birni, rijiyar ƙauye da makarantarsa da ɗakin shan maganinsa sun riga sun ɗauki nauyin. Saboda haka mu a ra'ayinmu kula da 'yan gudun hijira aiki ne na ƙananan hukumomi tun daga tushe, kuma ya kamata a yi masa tanadi.

Abin da ya faru a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ya isa darasi. A shekarar 1969 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar karɓar masu neman mafaka, Nijar kuwa ta cika alkawari. A 2019 'yan Nijeriya fiye da 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka can don gudun 'yan bindiga. Da fari talakawan ƙauyukan bakin iyaka suka sauke su a gidajensu. Daga baya hukumomin ƙasar, tare da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka zaunar da wasunsu kusa da Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau, nesa da iyaka. Ruwan sha da azuzuwa da ɗakunan magani da aka samar, baƙo da ɗan gari duk suka amfana da su.

Hikimar wannan tsari a fili take. In aka killace baƙo a sansani ana ba shi hatsi alhali mai masaukinsa yana kwana da yunwa, gaba aka shuka. In kuwa famfo ɗaya suke ɗiba, 'ya'yansu suna aji ɗaya, zumunci ne zai ƙullu.

Mu ma muna da namu baƙin. Tun 2017 dubban mutanen Kamaru suka shigo jihar Kuros Riba, aka zaunar da da yawa a yankin Ogoja. Ga kuma 'yan ƙasa da tashin hankali ya raba da ƙauyukansu a arewa.

Tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, ya kuma ba su hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Muna kira ga gwamnatoci su aiwatar da hukuncin sosai, shugabannin ƙananan hukumomi kuma su ƙidaya baƙinsu, su sa su cikin kasafin kuɗi, su ba su rumfa a kasuwa da aron gona da shawarar sarakuna.

Wanda ya sauki baƙo yau bai san inda gobe za ta kai shi ba. Mutanen Maraɗi sun riƙe namu da mutunci. Wajibi ne mu ma mu riƙe na wasu haka.