Cocin Misiyo na Damagaram: gidan maƙwabcinmu ne muka ƙona

Ƴan uwa, ni ɗan Mayahi ne, Musulmi. Ina lise ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 muka ji a rediyo cewa Damagaram ta kama da wuta. Zanga-zanga ce kan zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa. Ba zan ɓoye muku ba, a fadarmu ta shayi har murna muka yi.

Sai da na je jami'a a Damagaram na san abin da aka ƙona. Cocin Katolika na Misiyo yana cikin mafi tsufa a Nijar. A Yamai aka kafa misiyo ta farko a 1931, ta Damagaram ta biyo baya tun zamanin mulkin mallaka. Daga 2001 cocin yana ƙarƙashin bishop na Maradi, wanda yankinsa ya haɗa da Tawa, Agadas, Difa, har da mu nan Mayahi. Lakwal ɗin Misiyo, da ita ma wutar ta ci, yawancin yaranta ƴaƴan Musulmi ne. Kuma ba karon farko ba ne, a Satumban 2012 ma an afka wa cocin saboda wani fim da aka yi a Amurka.

Abokin karatuna Kirista, haifaffen Damagaram, a barikin soja suka kwana shi da mahaifiyarsa. Ya ce mini maƙwabcinsu Musulmi ne ya fitar da su ta ƙofar baya. Wallahi ranar kunya ta rufe ni.

Tsakanin Damagaram da Yamai, inda wutar ta kai washegari, mutum 10 suka mutu. Wutar da muka kunna ba ta ci ko kujerar masu zanen ba. Ƴan Nijar muka binne.

To, mu matasa da mu aka yi makamashi, kuma gobe ma mu za a nema. Roƙona ke nan: kowace ƙungiya ta zauna da tsofaffin Misiyo, Kiristoci da Musulmin da suka yi karatu can, a naɗi tarihin wurin daga bakinsu kafin su ƙare. Limamanmu kuma su riƙa tuna mana haƙƙin maƙwabci tun kafin fushi ya zo. Wanda ya san sunan mai gida da wuya ya kai masa ashana.

Allah ya zaunar da Nijar lafiya.