Kada Mu Bar Turmi Ya Yi Shiru

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wani ilmi da yake salwanta a hannunmu, ba mu kuwa damu ba, domin ba a ba da takardar shaida a kansa. Ilmin tukunya muke nufi. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma cikin 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ta riga ta, garin nan ya cika da samari da 'yan mata masu ɗora wa kansu tukunya. Amma duk wanda ya zaga ɗakunanmu bayan magariba abu ɗaya zai tarar: taliyar leda, da ƙwai, da ɗunƙule biyu. In kuwa marmarin kaza ya taso, sai a nufi bakin titi. Mu da aka rena da farfesun kaza mai sa gumi, yau cikinmu da wuya a sami wanda zai iya haɗa yajinsa.

Bari mu tuna abin da ake kira farfesun kaza a gidajen Dutsin-Ma da Kurfi, tun da wasunmu sun fara mantawa. Kazar gida ce, wadda ta yi wata biyar ko shida tana tonon ƙasa, namanta da tauri, sai ta daɗe bisa wuta kafin ta saki romonta. Kafin a ɗora ta, uwargida ta riga ta zuba citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono da tafarnuwa cikin turmi, ta daka su, ta kawo daddawa ta haɗa. Kowane ɗaya da aikinsa. Kimba in ta yi yawa sai romo ya yi ɗaci, kanumfari in ya zarce sai ya danne sauran, barkono kuwa ana auna shi da wanda za a ba: na mai jego daban, na mai mura daban, na baƙon da aka yanka wa kaza don girmamawa daban. Wannan awo ba a rubuce yake ba. Yana cikin yatsun iyayenmu mata da kakanninmu, ran da suka kau kuwa ya tafi tare da su, sai fa in an karɓa.

Daddawa ita ce ta fi ba mu tausayi. Aikinta ba na raggo ba ne. Sai an tafasa kalwa yini guda ko kwana, a surfe ta a fid da ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta yi, sa'an nan a kirɓa, a faɗaɗa, a shanya. Masana abinci sun auna sun tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na daddawa sinadarin gina jiki ne, irin wanda ake nema a nama, watau talakan da bai sami tsoka a miyar kukarsa ba bai tashi a banza ba. Turawa ma ba su raina itacen ba: a 1826 wani masanin tsirrai, Robert Brown, ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia don tunawa da Mungo Park. Mu kuwa da muka yi boko sai mu toshe hanci mu ce tana wari. Ɗunƙulen da muka musanya ta da shi kusan rabinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Ba mu ce a jefar da ɗunƙule ba, yana da sauƙi, yana da araha, iyayenmu ma suna jefa shi a miya. Abin da muke ƙi shi ne ya zama shi kaɗai ne ɗanɗanon da harshenmu ya sani, har miyar Katsina da ta Ikko da ta Abijan su koma abu guda.

Wani zai ce ai zamani ne, duk al'ummar da ta ci gaba haka take yi. To, mu leƙa wata ƙasa mai nisa mu gani ko gaskiya ne. Can kudu da Indiya akwai tsibirin da iyayenmu suka sani da suna Silon saboda ganyen shayi, wanda ya koma Siri Lanka a 1972. Mafi yawan mutanensa Sinhala ne. Turawan Fotugal sun sauka can a 1505, na Holan suka karɓe daga hannunsu, Ingilishi suka biyo baya har zuwa 1948. Shekara fiye da 400 ke nan ana kai da komo da Turawa, galibi don kirfarsu da sauran kayan ƙamshi. Duk da haka, babban abincin Basinhale, ko malamin jami'a ne ko manomi, shi ne shinkafa da miyar gidansu. Kazarsu ma 'yar'uwar tamu ce. Sukan gasa kayan yaji a busasshen kasko har su yi duhu, da kirfa da kanumfari da masoro da hulba da wasu irin nasu, a niƙa, a cuɗe kazar da aka sara da ƙashinta, a dafa a tukunyar ƙasa, a ƙarasa da madarar kwakwa. Suna kuma yin wata irin waina da garin tamba, tambar nan da muka sani. Barkono kansa ba nasu ba ne, ba kuma namu ba ne: daga nahiyar Amurka jiragen Fotugal suka yaɗa shi. Sun karɓi baƙon abu sun sa shi cikin turminsu, kamar yadda kakanninmu suka yi, ba su ajiye turmin ba.

Ranar da wannan ilmi ya yi musu rana ta zo a 2022, lokacin da kuɗin waje ya ƙare wa gwamnatinsu, ta kasa biyan bashi, mai da iskar girki suka yi wuya, mutane suka yi ta kwana a layi. Gidaje da yawa suka koma murhun itace da rogo da ganyayen bayan gida. Wahala dai an sha ta, ba mu ce girki ya hana ba, amma wanda ya san yadda ake sarrafa abin da ƙasarsa ta fitar bai zama ɗaya da wanda leda kaɗai ya sani ba. Mu ma mun ɗanɗana: an rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 shinkafa ta yi tsada, aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 komai ya bi ta.

Akwai kuma maganar inda kuɗinmu yake zuwa. Kazar gida dukiyar mace ce a ƙauye, ita take sayarwa ta sayi sabulu ko magani ko littafin yaro. Daddawa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa su ma sana'ar mata ce, da yawansu tsofaffi da zawarawa. A wannan yanki namu, inda tashin hankalin 'yan bindiga ya kori mutane daga ƙauyukan Safana da Batsari da Kurfi da kewayen Dutsin-Ma, musamman daga 2019, mata da yawa sun shigo gari ba su da jari sai wannan sani da ke hannunsu. Duk ma'aikacin da ya karɓi albashi ya sayi kaza da daddawa a wurinsu ya bar kuɗinsa a gida. Ga madatsar ruwa ta Zobe nan kusa da mu tun 1983, ƙasar da za ta ba mu barkono da albasa da tumatir rani da damina. Kajin ƙauye kuwa, annobar da takan share su da hunturu tana da rigakafi, ana yin sa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Wa ya kamata ya kai wannan labari ƙauye in ba mu ba, musamman 'yan tsangayar aikin gona?

Sai mu juyo ga 'yan'uwanmu maza, domin mun san abin da za su ce: girki aikin mata ne. Abin mamaki, mai tsire namiji ne, mai balangu namiji ne, mai kilishi namiji ne, kowannensu yana da sirrin yajinsa da ya gada wurin maigidansa, ba wanda ya taɓa ganin ƙasƙancinsu. Ashe ba wuta da yaji ne abin kunya ba, tukunyar gida ce kurum muka ɗora wa laifi. Saurayin da aka tura aiki Abuja ko bautar ƙasa a Kudu, ya shekara yana cin abin da bai saba ba yana kewar miyar uwarsa, da ya tsaya mata a madafi sati biyu kafin ya tafi da bai yi wannan kewa ba. 'Yan'uwanmu mata kuma, kada a ɗauka muna so a mai da ku bakin murhu ku bar littafi. Hayaƙin itace yana cutar da ido da ƙirji, dakan hannu yana cin lokaci, ba kuwa a cikinsu daɗin yake ba. A dafa da gas, a kai yaji inji, a daka na wata guda a zuba a kwalba. Haɗin shi ne ilmin, ba wahalar ba.

Abin da muke roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ƙarami ne. Hutu yana tafe. Kowa ya tafi gida da littafi da cokali, ya zauna kusa da Inna ko Goggo ran da za a yanka kaza, ya tare hannunta kafin ta zuba, ya auna: cokali nawa na citta, kimba sili nawa, daddawa ƙwaya nawa ga kaza guda, yaushe ake sa ta, me ake ragewa in don mai jego ne. Za ta yi mana dariya, za ta ce ita ba ta awo. A daure a rubuta. In mun dawo, mujallar nan ta ware shafi guda a kowace fitowa, a buga na Kurfi, a buga na Dutsin-Ma, a buga na 'yan'uwanmu da suka zo daga Daura da Funtuwa da Maraɗi, da sunan garin kowanne a kansa.