Ciki a tsakiyar karatu: maganar da mu 'yan Arewa a jami'o'in Kudu ba ma son yi

 Rubutun yau dogo ne, kuma na san akwai waɗanda ransu zai ɓaci. Don Allah ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci.

Maganar ciki ce. Cikin da ba a shirya masa ba, wanda ke shiga ana tsakiyar zango, jarrabawa na matsowa, gida kuma na can nesa, tafiyar yini da kwana a mota. Mu 'yan Arewa mun iya nuna kamar abin ba ya faruwa a cikinmu, wai halin wasu ne. Wallahi duk wadda ta yi shekara biyu a hostel ɗin mata ta san ba haka ba ne. Yana faruwa. Namu dai a ɓoye yake faruwa, kuma ɓoyon nan ne yake cin rayukan 'yan uwanmu.

Ra'ayina a taƙaice: yarinyar da ta ga layi biyu a tsinken gwaji bai kamata ta yanke shawara a daren ba, kuma bai kamata ta yanke ita kaɗai, ko ita da wanda ya yi mata cikin kawai ba. Inda za ta fara zuwa asibiti ne. Wanda za ta gaya wa bayan likita kuma babba ne mai riƙe sirri. Mu sauran, aikinmu shi ne mu zama mutanen da za a iya tunkara da irin wannan magana.

Kafin wani ya ce na zo halatta zina: zina haramun ce, Musulminmu da Kiristanmu babu mai gardama a nan. Amma wa'azin kafin a faɗa daban, taimakon bayan an faɗa daban. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Idan ba mu miƙa hannu ba, mai kyamis ɗin bayan makaranta zai miƙa takobi.

Kuma ba duk ciki ne labarinsa ɗaya ba. Akwai matar aure da suka shirya da mijinta sai ta gama digiri, Allah Ya yi nasa ikon. Akwai wadda aka yi wa fyaɗe. Akwai wadda wani mai iko a kanta ya matsa mata da barazanar kayarwa a jarrabawa. Wannan ba ƙirƙira ba ce: a 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na jami'ar Ife shekara biyu kan neman lalata da ɗaliba don maki, a 2019 kuma binciken BBC ya tona irin wannan a Legas da Ghana. Sannan akwai wadda soyayya ta ruɗa, ta yi kuskure da ganinta. Mu da muke gefe ba mu san wacce ce wacce ba, amma bakinmu ɗaya ne a kansu duka.

Me ya sa na ce asibiti da farko? Saboda tsinken gwaji ba ya gaya miki abu biyu masu muhimmanci: satin cikin nawa, kuma a ina ya zauna. Likitoci suna ƙirga ciki ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, shi ya sa da yawa suna zaton cikinsu ƙarami ne alhali ya wuce yadda suke tsammani. Sannan akwai cikin da yake zama a wajen mahaifa, galibi a bututun da ƙwai ke bi. Irin wannan ba ya rayuwa, ƙwayoyin da ake sayarwa a ɓoye ba sa taɓa shi, kuma idan bututun ya fashe jini a ciki yake zuba, mutum na iya tafiya cikin sa'o'i. Hoton ciki ne yake nuna shi. Don haka duk wadda ba ta ga al'adarta ba, sai ga ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, ko jiri, ko suma, ko zubar jini mai yawa, ko zazzaɓi da ruwa mai wari, wannan ba ta jira gari ya waye ba. Ke da kike ɗaki ɗaya da ita, ki nemo abin hawa ku tafi, ko da tana roƙonki kada kowa ya ji.

Idan kuma fyaɗe ne, lokaci yana da tsada. Maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma gwargwadon saurin shansa gwargwadon aikinsa, bayan kwana biyar ya wuce. 'Yan Legas, akwai cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja, kyauta suke kula da waɗanda aka ci wa zarafi. A sauran garuruwa, asibitin koyarwa ko babban asibitin gwamnati za a nufa.

Yanzu maganar da kowa ke raɗa: zubarwa. Mu san abin da doka ta ce. A Kudu dokar Criminal Code ce take aiki, a Arewa Penal Code, kuma duka biyun ba su yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. A nan Kudu wanda ya zubar wa mace yana iya shan ɗaurin shekara 14, ita kanta shekara 7. Amma dokar ba ta hana abin faruwa ba, ɓoye shi ta yi. Cibiyar Guttmacher ta ƙiyasta cewa a 2012 kaɗai an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a duniya sanadin ciki da haihuwa a ƙasar nan suke. Cikin waɗannan akwai waɗanda ɗakin bayan kyamis da haɗe-haɗen da ake yaɗawa a hostel suka kashe. Wadda ta tsira ma tana iya fita da mahaifa a huje ko cutar da za ta hana ta haihuwa nan gaba, lokacin da take nema ido rufe.

Ta fuskar addini, mazhabar Malikiyya da aka rene mu a kai ita ce mafi tsauri: mashhurin zance a cikinta shi ne ba a taɓa ciki tun daga shigarsa. Wasu mazhabobin sun sassauta a farkon ciki idan akwai uzuri, bayan kwana 120 kuma, lokacin da aka busa rai, babu mai halattawa sai idan ran uwa na cikin haɗari. Ni dai ba na ba kowa shawarar zubarwa. Wadda lamarinta na fyaɗe ne ko na rashin lafiya, malami mai ilimi da likita za ta zauna da su, ba guruf ɗin WhatsApp ba. Amma ga abin da nake so kowa ya riƙe: wadda ta riga ta sha wani abu, jini ya ɓalle mata, asibiti za a kai ta nan take, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ta sha. Kula da mai zubar jini aikin asibiti ne. Tsoron tonon asiri kada ya sa a zauna da ita a ɗaki ana shafa mata ruwan sanyi har rai ya yi halinsa.

Na san abin da za a ce min: "Ke ba ki san Babanmu ba." Gaskiya ne, wannan tsoron ba wasa ba ne. Yawancinmu mata sai da aka kai ruwa rana kafin a bar mu mu taho Kudu. Wani kawu ya ce za ta lalace, uwa ta tsaya mata. Yarinya na tunanin idan maganar ta fita, ba ita kaɗai za a cire daga makaranta ba, har ƙannenta da 'yan matan unguwarsu an rufe musu ƙofa ke nan. Wannan nauyin ne yake tura ta wurin mai kyamis. Amma mu auna: iyaye su ji 'yarsu na da ciki, ko su karɓi gawarta a motar haya? Kunya tana tsufa. Uwar da ta binne 'yarta ba ta warkewa.

Kuma ba a ce ki kira Baba kai tsaye ba. Al'adarmu ta san hanyar kai magana mai nauyi. Akwai gwaggo, akwai inna, akwai yaya mai aure, akwai kaka wadda idan ta yi magana Baba ma sunkuyar da kai yake yi. Idan kina jin za a cutar da ke a gida, ki fara da wata babba a nan: matar limami a Sabo ko Idi-Araba ko Bogobiri, uwayenmu na FOMWAN, matar fasto ga 'yan uwanmu Kirista, ko ofishin ba ɗalibai shawara. A samu wadda za ta raka ki, ko ta riga ki isa da maganar.

Karatu fa? Ciki ba ƙarshen digiri ba ne. Jami'o'i suna da tsarin ɗage karatu na zango ko shekara: a rubuta takarda ta hannun shugaban sashe, a haɗa da takardar likita. Abin da ke kashe karatu shi ne a ɓace babu sanarwa, a rasa rijista da jarrabawa, a dawo a tarar an cire suna. Ki ɗauko kundin dokokin ɗalibai na makarantarku ki karanta, musamman idan mai zaman kanta ce, don wasunsu dokarsu ta fi tsauri. Ki fara awo da wuri, ki tambayi kilinik ɗin makaranta abin da inshorar lafiyar ɗalibai da kike biya take ɗauka. Matan aure nawa muka gani suna shiga lakca da tsohon ciki, suna fitowa da sakamako mai kyau?

Sai ku maza. Ciki mutum biyu ne suke yin sa, amma mutum ɗaya ake nunawa da yatsa. Ka tura mata dubu ashirin ka ce "ki san yadda za ki yi", ka kashe waya, gobe ka shigo masallaci sahun gaba. Malam, Allah fa Yana gani. Idan ta mutu a hannun wanda kuɗinka ya biya, me za ka ce ranar tsayuwa? Namiji shi ne wanda zai raka ta asibiti, ya ɗauki kuɗin awo da haihuwa, ya je ya sami babba a gidansu ya faɗi abin da ya yi. Kuma kada a ruɗe ku da ɗaurin auren ɓoye don rufe ciki. A Malikiyya ba a ɗaura wa mai irin wannan ciki aure sai ta haihu, ko da wasu mazhabobin sun saɓa. Maganar aure da ta dangantakar ɗan, a kai ta gaban malamai da iyaye. Shi jaririn dai ba shi da laifin komai.

Ƙarshe, mu al'ummar 'yan Arewa a makarantun nan. Mu kaɗan ne, kowa ya san kowa, labari daga hostel zuwa Kano ko Sakkwato ba ya kwana. Wannan ƙanƙantar tamu ce ta sa yarinya ta gwammace ta gaya wa baƙo da ta gaya mana. Mu tuna Suratun Nur ta yanka bulala 80 ga wanda ya jefi mace da zina ba tare da shaidu huɗu ba. A Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma, Annabi (SAW) ya nuna wa sahabin da ya tura Ma'izu ya je ya tona kansa cewa da ya suturta shi, da ya fi masa alheri. To ina matsayin mai ɗaukar hoton hira yana turawa guruf-guruf?

Ga abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyoyin jihohinmu da ɓangaren mata na MSSN. Kowace makaranta a samu mata biyu manya, cikin masu digiri na biyu ko ma'aikata, waɗanda aka shaida ba sa yawo da magana, a sanar da sababbin ɗalibai su tun makon farko. Cikin kuɗin da muke tarawa na rashin lafiya da rasuwa, a ware na hoton ciki da na mota, a bayar ba tare da an kira suna a taro ba. A gayyato likita mace ko ungozoma sau ɗaya a zango ta zauna da mata su kaɗai. Maza ma a zauna da su, a gaya musu nasu.

Ke kuma 'yar uwa, idan kina karanta wannan gabanki na faɗuwa don ke ce a ciki: kada ki sha komai yau. Gobe da safe ki je asibiti. Daga nan ki zaɓi mace ɗaya babba ki gaya mata. Ƙofar tuba a buɗe take, kuma rayayye ne yake tuba.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya mayar da mu gida lafiya da abin da muka zo nema. Amin.