Kafin a Tafi Kenya Kallon Giwa

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta fara shiga cikin manyan ma'aikata da 'yan kasuwar Kano, watau shirya hutun shekara a ƙasashen gabashin Afirka domin kallon namun daji. Turawa na kiran irin wannan tafiya safari, kalmar da suka ara daga Suwahili, su kuma suka samo ta daga Larabci, inda Bahaushe ya samo tasa safarar. Ba laifi ba ne mutum ya fita ya buɗe ido, amma akwai abin dubawa a ciki.

Wanda ya yi niyyar tafiya daga Unguwar Gano ko Tarauni, tilas ne ya fara shiri watanni kafin ranar tashi. Sai ya tanadi fasfo da katin allurar shawara, ya kuma nemi jirgin da zai bi da shi ta Legas ko ta Adis Ababa zuwa Nairobi. Lokaci ma yana da muhimmanci. Daga watan Yuli zuwa Oktoba ne dabbar nan da ake kira nyumbu, su fiye da miliyan 1, tare da jakunan dawa, ke ƙetara kogin Mara daga dajin Serengeti na Tanzaniya zuwa Masai Mara na Kenya. To, a daidai wannan lokaci ne kuma kome ke tsada. A shekarar 2024 an sa wa baƙo kuɗin shiga Masai Mara dala 200 a kowace rana a rabin shekara na biyu, ban da masauki da mota da ɗan jagora. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, ma'aikacin da ya lissafa wannan da albashinsa ya san inda aka kwana.

Abin tambaya shi ne, me ya sa baƙi daga ko'ina cikin duniya ke biyan wannan kuɗi ba tare da gunaguni ba? Dalili shi ne an tsare dabbobin. Serengeti ya zama gandun ƙasa tun 1951, Kenya kuwa ta haramta farautar namun daji a 1977. Sun mai da dawa hanyar samun kuɗin shiga da aikin yi ga dubban jama'arsu.

A nan gida ma an fara da kyakkyawar niyya. An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disambar 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, yana ɗauke da ɗaya daga cikin manyan garken giwayen da suka rage a Nijeriya, ga ɓauna da gwanki da dorina, ga kuma ruwan ɗumi na Wikki. Da rani, lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji, iyali na iya tashi daga Kano da safe su kwana a can, ba fasfo, ba canjin dala. Da yawa daga cikin masu sha'awar Nairobi ba su taɓa taka Yankari ba, kuma wannan abin kunya ne.

Na Jihar Kano ya fi ban takaici. Gidan namun dajin da aka kafa a zamanin Gwamna Audu Bako yana nan dab da Gyaɗi-Gyaɗi, kuma yawancin yaran birni a nan suka fara ganin zaki. Amma dabbar da ke cikin keji ba ta koya wa ɗalibi yadda dawa take. Wurin wannan darasi shi ne dajin Falgore, a kan hanyar Jos, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Shekara da shekaru sunansa ba ya fitowa sai a labarin 'yan fashi da ɓarayin shanu, har ta kai sojoji suka mai da wani sashensa filin horo a 2017. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa shi cikin dazuzzuka 10 da ta amince a ɗaga zuwa gandun ƙasa. Amincewa a takarda ba ta dasa itacen da masu gawayi suka sare, ba ta kuma mayar da dabbar da mafarauta suka kore.

Wannan jarida ba ta ce kowa ya fasa tafiyarsa ba. Amma ma'aikacin da Allah ya hore wa zuwa, musamman na ma'aikatar muhalli ko ta yawon buɗe ido, ya kamata ya dawo da abin da ya fi hotuna. Ya tambayi yadda ake ɗaukar masu gadin daji da yadda ake biyansu, da kuma rabon da ƙauyukan gefen daji ke samu daga kuɗin ƙofa, domin manomin da giwa ta tattake wa gona ba zai tsare ta ba in ba shi da amfani a cikinta.

Lalle ne Gwamnatin Jihar Kano ta bayyana wa jama'a matsayin Falgore a yau, da yawan masu gadin da ke cikinsa, da abin da aka ware masa a kasafin kuɗi. Ma'aikatar ilmi kuma ta shirya wa ɗaliban sakandare ziyarar Yankari a ranin da ke tafe.