Ragar wa ya zura su?

Jama'a, musun gidan kallo ya ishe ni. Ran nan a Gangara wani yaro ya dage yana ƙirga min ƙwallayen gwaninsa, na ce tsaya ɗana, ragar wa ya zura su? Mu Gobirawa ko a filin kokawa, sunan ƙaton da ya sha ƙasa muke fara tambaya. Shi ya sa nake sara wa Ahmed Musa. A Kofin Duniya na 2014 ƙwallo huɗu kacal aka zura wa Ajantina a wasa bakwai, biyu daga ƙafarsa suka fito. An ci mu 3-2, na sani, amma wallahi biyun nan sun fi min nauyi a kan biyun da ya zura wa Iceland a 2018, ko da yake ranar ce muka kwana murna.