Ciwon Banki Ciwon Kowa Ne

Sau da yawa nakan ji 'yan'uwana ɗalibai suna cewa, in banki ya karye ai asarar masu kuɗi ce, mu ina ruwanmu? To, ni ban yarda da wannan magana ba, ga kuwa dalilina.

Kuɗin da mutum ya kai ajiya ba kwanciya suke yi cikin akwati ba. Banki yakan rage kaɗan saboda masu zuwa karɓa, sauran ya ba da rance. Falken da ke zuwa Lafiya da babbar mota sayen doya da riɗi, sau da yawa da rancen nan yake zuwa. In banki ya raunana ya tsuke hannu, falke ba zai zo ba. Manomin Akurba, wanda bai taɓa taka ƙofar banki ba, tilas ya karyar da doyarsa. Ɗan dako ya wuni banza, mai tuwo ta koma gida da tukunya cike.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 1998 an rufe bankuna 26 a ƙasar nan. A 2009, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, sai da Babban Banki ya zuba Naira biliyan 620 kana waɗansu bankuna suka tsaya da ƙafafunsu. A watan Yuni 2024 aka soke lasisin bankin Heritage. Hukumar NDIC ta biya masu ajiya har zuwa Naira miliyan 5, wanda ya fi haka kuwa sai jiran a sayar da kadarorin bankin.

Mene ne babban ciwon? Bashin da ba a biya ba. Shugabanni su ba abokansu rance ba jingina, manya su karɓa su ƙi mayarwa. Mu ƙanana ma ba mu kuɓuta ba, don akwai mai karɓar rancen noma ya ce rabonsa ne daga gwamnati. Alhali kuwa kuɗin maƙwabcinsa ya ci.

Jama'a, gobe mu ne a gaban allo. In mun zo koya wa yara lissafin riba da faɗuwa, mu haɗa da cewa rance amana ne. Mu kuma, in mun fara karɓar albashi muka ci bashi, mu biya kan lokaci.